Ma'aikacin Kwantiragi da Ofishin HR: Wa Zai Kai wa Kuka?

Assalamu alaikum, masu kallo.

Ka shiga banki a Kano ko Kaduna, ka bi layi har ka isa kanta. Baiwar Allahn da ta karɓi kuɗinka ta ƙirga tana sanye da kaya irin na sauran ma'aikata, katin shaida na rataye a wuyanta, ga tambarin bankin a bango bayanta. A ganinka ma'aikaciyar banki ce. To, sau da yawa ba haka ba ne. Da za ta nuna maka takardar ɗaukarta aiki, sunan wani kamfani daban za ka gani a sama, kamfanin da wataƙila ofishinsa yana Legas, ita kuma ba ta taɓa taka ƙofarsa ba. Irinsu ake cewa 'yan kwantiragi. Yau za mu duba dalilin da ya sa da ka ambaci HR, wato sashen kula da ma'aikata, a gaban ɗan kwantiragi, sai ka ji ya ja tsaki.

Tsarin dillanci ne. Banki ya ce yana son masu karɓar kuɗi ashirin, da direbobi, da masu gadi, da masu amsa waya, da masu yawon neman mutane su buɗe asusu. Kamfanin dillancin ma'aikata ya samo su, ya tura. Ƙarshen wata banki ya biya kamfani, kamfani ya cire la'adarsa, ya biya ma'aikata. A Najeriya abin ya daɗe a harkar man fetur, inda ƙungiyoyin ma'aikatan mai, NUPENG da PENGASSAN, suka yi shekaru suna faɗa a kai. A bankuna kuwa ya ƙara ƙarfi bayan 2004, lokacin da gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25. Kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25, waɗanda suka tsira suka shiga buɗe rassa ko'ina, kuma kowane reshe yana neman hannaye masu arha.

Yanzu mu koma wurin baiwar Allahn nan ta kanta. A ce ƙarshen wata ya zo, alat ya shigo, ta duba ta ga albashin ya yi ƙasa da naira dubu goma sha biyu, ba bayani. Ta je wurin manaja. Manaja ya ce shi ba ya ganin takardar albashinta, ta rubuta wa HR. Ta rubuta wa HR na banki, amsa ta dawo cikin ladabi: “Ke ba ma'aikaciyarmu ba ce, ki tuntuɓi kamfaninki.” Ta kira lambar HR na kamfaninta, waya ta yi ta ringin har ta katse. Ta tura imel. Bayan kwana huɗu aka ce mata ana dubawa. Bayan sati biyu aka ce daga banki ne matsalar take, su abin da aka turo suka biya. Ta koma banki, banki ya sake nuna mata kamfani. Ga ta nan kamar jemage, tsuntsaye sun ce ba tasu ba ce, dabbobi ma sun ce ba tasu ba ce.

Amma fa ku lura da nan, domin nan ne zuciya take tafasa. Ranar da aka rufe lissafi da yamma aka ga giɓin dubu biyar a akwatinta, ba a yin sati biyu ana dubawa. Kafin gari ya waye takardar neman ba'asi ta iso, an ba ta awa ashirin da huɗu ta amsa. Ofishin da ba ya ɗaga waya in ita ce ke bin bashi, shi ne ke kira sau uku in ita ake bi. Ma'aikaci zai iya jure ƙarancin albashi, ai ya san nawa ne tun ranar da ya sa hannu. Abin da ke cin rai shi ne ya gane cewa ofishin yana iya sauri, ya dai zaɓi lokacin da zai yi.

Me ya jawo haka? Tambayi kanka, wane ne kwastoman kamfanin dillanci? Banki ne. Banki ke biya, banki ke sabunta kwangila ko ya ba wani. In ma'aikaci ɗaya ya yi fushi ya tafi, akwai takardun masu neman aiki jibge suna jira. In banki ya yi fushi, kamfanin ya rasa ɗaruruwan kawuna a rana ɗaya. Saboda haka jami'ar HR da ke zaune a Legas, wadda aka ɗora wa ma'aikatan jihohi da yawa ita kaɗai, ta san kiran da in ta ƙi ɗauka aikinta zai tafi, kuma ba naka ba ne. Ita ma ma'aikaciya ce mai oga a kanta, wani lokaci albashinta bai fi naka da wani abin kirki ba.

Ban ce jami'an HR ba su da laifi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsari bai tilasta wa kowa ya yi wa babban mutum magana kamar ɗan firamare ba. Tsari bai ce a ɓatar da takardar hutun haihuwa sau biyu ba, ko a kwashe abin da ma'aikaci ya faɗa a asirce a kai wa manajan da ya kawo ƙara a kansa. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi kashe amana. Mutum ɗaya ya gwada, washegari manaja ya tare shi da “Na ji ka kai ƙarata,” shi ke nan, duk reshen ya koyi yin shiru.

Sai maganar sallama. Ɗan kwantiragi ba a cika korarsa da sunan kora ba. Manaja ya rubuta layi biyu, a ce an mayar da kai kamfaninka. Kamfani ya ce ka zauna gida, in an sami wani gurbi za a kira ka. Ba albashi, ba takardar sallama, kai ba ma'aikaci ba, kai ba korarre ba. Wani ya yi shekara bakwai a kujera ɗaya ba ƙarin girma, yana koya wa sababbin ma'aikatan dindindin aiki, su kuma suna ɗaukar ninkin albashinsa. In an buɗe jarrabawar zama na dindindin, a ce shekarunsa sun wuce, ko a ce takardarsa ta difloma ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, doka fa? Tana nan, kuma ta fi yadda mutane ke zato ƙarfi. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta ce dole a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sanarwa kafin a raba gari: wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, sati ɗaya, daga shekara biyu zuwa biyar, sati biyu, shekara biyar zuwa sama, wata guda. Wannan mafi ƙaranci ke nan, in takardarka ta ba ka fiye da haka, ita za a bi. Mai juna biyu tana da hutun sati goma sha biyu, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida a aikin. Kamfanin dillancin kansa sai da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma a 2022 ma'aikatar ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan 'yan kwantiragi a bankuna da kamfanonin inshora. Akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya damƙa wa shari'un ƙwadago, tana da reshe a Kano da Kaduna da Abuja. Kotun nan ba ta tsayawa kan sunan da ke saman takarda kawai. Tana duba wa ke ba da umarni, wa ke tsara lokacin aiki, wa ke hukunci, kuma an yi shari'un da ta ɗora alhaki kan kamfanoni biyun gaba ɗaya. Ga ƙungiyoyin ma'aikatan banki kuma, NUBIFIE da ASSBIFI, duk da cewa ɗan kwantiragi da yawa yana tsoron a ga sunansa a rajistarsu.

Kotu kuwa takarda take ci. “Ai ta faɗa mini a waya” ba ya zuwa ko'ina. In kun yi magana da HR a waya, ka bi da imel ka maimaita abin da aka ce, da kwanan wata. Ka ajiye takardar ɗaukar aiki, da takardar albashi ta kowane wata, da duk wata takardar neman ba'asi tare da amsarka, kuma ka ajiye kwafi a gida, domin ranar da aka rufe maka kwamfutar ofis ba za ka sake ganinsu ba.

Abu ɗaya da za ka iya dubawa yau tun kafin ka kwanta shi ne fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusun fansho na ma'aikacin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Wanda ya riƙe kuɗin, akwai tara a kansa da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba duk wata. Ana samun kamfanin da zai cire a takardar albashi amma asusu shiru, wata da watanni, ma'aikaci bai sani ba sai ranar da ya bar aiki. Ka nemi bayanan asusunka daga kamfanin da ke riƙe maka fansho, ka jera su da takardun albashinka wata bi wata. In ka ga watan da aka cire ba a zuba ba, ka rubuta wa HR sau ɗaya, ka ajiye kwafi. In shiru ya yi yawa, hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, tana karɓar irin wannan ƙorafi kai tsaye daga hannun ma'aikaci, ba sai ya biyo ta ofishin kowa ba.