Hayaƙin Jirgin Ƙasa da Diyyar da Ba a Nema

Jama'a masu sauraronmu, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi ma'aikatan reluwe ne, da ciwon daji, da kuma batun diyya.

Tun da dogo ya iso Kano daga Baro a 1911, in ana ba da tarihin jirgin ƙasa, kayan da ya ɗauka ake lissafawa: gyaɗa, auduga, fatu da ƙiraga, da fasinjojin Ikko. Da wuya ka ji an tambayi abin da ya bari a ƙirjin mutanen da suka yi masa hidima. Alhali wanda ya yi zamani da jirgi mai kwal ya san yadda ɗan wuta, wato mai zuba wa injin kwal, yake saukowa daga kan jirgi, baƙi ƙirin, in ya yi kaki har da toka a ciki. Tukunyar tururin irin waɗancan jiragen da asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da wuta ba ta ci, ake naɗe ta don ta riƙe zafi, kuma duk ranar da za a yi gyara sai makaniki ya ɓamɓare shi da hannu, ƙurarsa ta tashi. Da aka koma jiragen dizal, ba a rabu da Bukar ba. A rumfar gyara ana barin inji a kunne, hayaƙi ya turnuƙe. In an tashi aiki, hannu ya yi kaca-kaca da gireshi da baƙin mai, sai a tsiyayo fetur a wanke, a goge da tsumma, a jawo gurasa a ci da wannan hannun. Kayan aikin kuma a kai gida, uwargida ta kakkaɓe a tsakar gida kafin ta jiƙa, yara suna wasa a gefe.

Kowanne daga cikin waɗannan abubuwa likitoci sun san aikinsa. A watan Yunin 2012, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya hayaƙin dizal a rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu, wato ciwon dajin huhu. Asbesto yana wannan rukunin tun da jimawa, kuma yana haifar da wata irin kansa mai kama tantanin da ya lulluɓe huhu. Sinadarin benzin da ke cikin fetur yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, yana kuma jawo kansar jini. Akwai baƙin man nan mai warin kwalta da ake jiƙa katakon shimfiɗa dogo da shi don kada gara ta ci, wanda cibiyar ta ce akwai kyakkyawan zaton yana sa ciwon daji. Ga kuma ƙurar tsakuwar da ake zubawa a ƙarƙashin layi.

Abin da ya sa maganar take da wuyar kamawa shi ne jinkiri. Kansar asbesto takan yi shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana. Mutum ya yi ritaya, yana zaune a ƙofar gida a Fagge ko Gwagwarwa yana jiran fansho, sai tari ya fara, sai haki, sai rama. A ce sanyi ne, a ce tsufa ne, wani ma ya ce sammu. Kafin a kai ga Asibitin Malam Aminu Kano an sayar da fili. Ba wanda zai tuna rumfar gyaran da aka baro shekara talatin baya.

A Amurka sun daɗe da cin karo da wannan matsalar. Tun 1908 majalisarsu ta yi wata doka ta musamman domin ma'aikatan jirgin ƙasa, ana kiranta FELA, wadda ta ba ma'aikaci damar maka kamfaninsa a kotu in sakacin kamfanin ya jawo masa rauni ko cuta. Wa'adin shigar da ƙara shekara uku ne. To, daga yaushe za a fara ƙirga shekara ukun, ga cutar da take shiga jiki a hankali ba tare da an sani ba? Wani ɗan wuta mai suna Tom Urie ne ya kai wannan tambaya har Kotun Ƙoli. Ya yi kusan shekara talatin a kan jirage masu tururi yana shaƙar ƙurar yashin da jirgi ke zubawa a kan dogo don kada ƙafafunsa su zame, har huhunsa ya lalace. A 1949 kotu ta ce ba za a kama mutum da laifin makara ba a kan cutar da bai san yana ɗauke da ita ba, lissafi yana farawa ne daga lokacin da ta bayyana. A kan wannan hukunci ne dubban tsofaffin ma'aikata suke dogara har yau.

Kada mu ɗauka can ɗin aljanna ce. Sai ka tabbatar da sakacin kamfani, kamfanonin kuma suna da lauyoyi da likitocinsu. In kana shan taba, za a ce kai ma da hannunka, a rage maka diyya gwargwadon kasonka. Lauyoyi sun mai da abin sana'a, suna talla a talabijin suna neman masu ciwo, in an ci shari'a su yanki rabonsu. Kuma gaskiya ce, ba kowace kansa ce daga wurin aiki take ba.

Abin da zai ba ku mamaki, masu sauraro, a rubuce dokarmu ta fi tasu sauƙi. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, take aiwatarwa, ba ta ce sai ka tabbatar da laifin kowa ba. Ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni. Mai ba da aiki ne yake zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. Ta lissafa cututtukan da sana'a ke jawowa, har da kansar da asbesto da benzin suke haddasawa. In ma'aikaci ya rasu ta dalilin aikinsa ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, doka ta yanka musu kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata.

Sai dai akwai agogo a ciki. Ana son ma'aikaci ya sanar da mai aikinsa cikin kwana 14, shi kuma mai aikin ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da takardar neman diyya cikin shekara ɗaya, in da uzuri mai ƙarfi a ɗaga zuwa uku. Wannan tsari ya dace da wanda tarago ya take wa ƙafa, kowa ya gani, an san ranar. Ga tsohon da aka gano kansarsa bayan ya daɗe da barin aiki fa? Wa zai rubuta cewa a sashen gyaran tukunya ya yi shekara goma sha biyar? A nan, a ganina, diyyar take mutuwa. Likita ya rubuta sunan cuta bai tambayi sana'a ba, fayil ɗin ma'aikaci na ɗauke da ƙarin girma da hutu amma ba ya nuna abin da ya shaƙa, iyali kuma ba su taɓa jin sunan dokar ba. Ya kamata NSITF ta fito a gidajen rediyo, da Hausa, ta faɗi matsayin wanda ya bar aiki kafin 2010 cutarsa ta bayyana yanzu, kada a bar dattawa suna zarya tsakanin ofisoshi.

Akwai kuma abin da muke faɗa wa junanmu a zaman makoki: ƙaddara ce, a yi haƙuri. Haka ne, babu mai wuce ranarsa. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya wajabta diyya a kan kisan kuskure. Marayu da suka nemi abin da doka ta tanadar musu ba su yi butulci ba, kuma ba roƙo suka je yi ba.

Dalilin ta da maganar a yanzu shi ne reluwe tana dawowa. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi da na Kaduna zuwa Kano, a farkon 2023 kuma aka buɗe tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki. Matasanmu suna can suna walda, suna fasa dutse, suna zuba tsakuwa, wasu a matsayin leburorin wucin gadi a ƙarƙashin 'yan kwangila, waɗanda in aiki ya ƙare za su naɗe kayansu su tafi. Ƙungiyar ma'aikatan reluwe, wadda ta fitar da Michael Imoudu, jagoran yajin aikin gama-gari na 1945, ta saba da gwagwarmayar albashi da fansho. Muna so mu ji ta tana neman a auna huhun ma'aikaci ranar da aka ɗauke shi, a riƙa maimaitawa, a ba shi kwafin sakamakon a hannunsa, a kuma rubuta sashen da ya yi aiki da sinadaran da ya taɓa.

Kai kuma ɗan'uwa da ke wannan aiki a yau, ka tambaya ko an yi maka rajista da NSITF. Ka adana takardar ɗaukarka aiki da ta albashi. Ka daina wanke hannu da fetur, ka bar kayan aiki a wurin aiki in da hali. Baba da ya yi ritaya, in tari ya wuce mako uku, ko an ga jini a kaki, a tafi asibiti, kuma kafin likita ya tambaya a gaya masa: reluwe na yi, a sashe kaza, shekara kaza. A roƙe shi ya rubuta hakan a kati. In an nemi diyya an hana, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a nan Kano.

Sai an jimanku.