Yadda Ake Haɗa Monita da Laftof

Assalamu alaikum jama'a. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo mai rubuta furojet da mai shagon buga takardu a cikin garin Sakkwato, damuwarsu guda ce: allon laftof mai inci 14 ba ya ɗaukar shafi biyu a sake. Ka buɗe wannan, ka rufe wancan, har ka ɓata layin da kake kai. Monita, wato allo na biyu da ake jonawa da laftof, ita ce ke raba ka da wannan wahala.

Ku fara leƙa gefen kwamfutar. In akwai kafar HDMI, shi ke nan, waya ɗaya ta isa, tana ɗaukar hoto da sauti, har talabijin ɗin falo ma za ta yi aikin. Tsofaffin monitoci na hannu kuwa galibi VGA ce, mai shuɗin kai da kusoshi biyu na murɗawa, hoto kawai take kaiwa. Kafar USB-C ita ce mai yaudara, don ba kowacce ke fitar da hoto ba. Idan kafar laftof da ta monita ba iri ɗaya ba ce, sai da adafta, wato 'yar na'urar da ke haɗa su, amma kada ku biya kuɗinta sai an gwada muku a shago.

Kun jona? To ku danna maɓallin Windows tare da P. Zaɓi huɗu za su fito, kuma a nan ne da yawa ke yin asara. Duplicate maimaita abin da ke laftof kawai yake yi, amfaninsa wajen koyarwa ne. Ku ɗauki Extend. Nan take teburin aikinku ya faɗaɗa, littafin da kuke dubawa a wannan allo, rubutunku a wancan.

Idan kun ja linzami dama ya ƙi tsallakawa, ba lalacewa aka yi ba. Ku shiga Display settings, wato saitin allo na Windows, za ku ga akwati 1 da 2. Ku ja su su zauna kamar yadda allunan suke a kan teburinku, sai Apply.

Monita dai ba ta da batir. Da an ɗauke wuta za ta mutu, shafukanku su dawo laftof ba tare da kun rasa komai ba. Sannan a zafin bazarar Sakkwato, da ke haura digiri 40, ina roƙonku ku bar murfin laftof a buɗe, ku ɗan ɗaga ta daga kan tebur iska ta riƙa ratsa ƙasanta.