Fushi Zuwa Yake Yi, Kuma Tafiya Yake Yi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kusan kowane gida akwai wanda aka laƙaba wa suna tun yana ƙarami, wane ai mai zuciya ne, wance matsoraciya ce, tun yaro yana musu har ya haƙura ya karɓa, yanzu ga shi da gemu amma in ya daka wa matarsa tsawa sai ya ce to ya zan yi, haka Allah ya yi ni. Anya kuwa?

Bari mu fara da tsawon lokacin da abin yake ɗauka. A shekarar 2014 wasu masu bincike biyu a jami'ar Leuven da ke Beljiyam, Philippe Verduyn da Saskia Lavrijsen, sun tambayi ɗalibai 233 game da yanayin zuciya iri 27, kowanne yaushe ya zo yaushe ya tafi. Kunya, tsoro, ƙyama, mamaki, waɗannan ba sa daɗewa. Wanda ya fi kowanne zama shi ne baƙin ciki, shi kam yakan kwashe kwanaki. Me ke tsawaita shi? Abu biyu, girman abin da ya faru a wajen mutum, sai kuma saƙe-saƙe, wato ka kwanta kana maimaita maganar a ranka, ya ce min kaza, da na sani na ce mai kaza, gobe in na gan shi... kowane maimaici sabon fushi ne kake kunnawa, shi ya sa kake ganin kamar bai taɓa tafiya ba, har ka ɗauka halinka ne.

To ya ake yi? In abin ya taso, kafin ka buɗe baki ko ka danna tura a WhatsApp, tsaya ka duba jikinka. Ƙirji ya yi zafi? Muƙamuƙi ya ɗaure, hannu na rawa? Sai ka faɗa a ranka: yanzu ina jin fushi. Ko yanzu kishi ne ke cina, eh kishi, ba sai an yi ta kewaye-kewaye ba. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a jami'ar UCLA ta Amurka sun sa mutane cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu fuskoki masu fushi da masu tsoro, da zarar mutum ya ambaci yanayin da yake gani sai aikin amigdala ya ragu, wannan ɗan sashen da ke kaɗa ƙararrawar haɗari, sashen goshi mai tunani da birki kuma ya ƙara motsi. Ba wai abin zai ɓace nan take ba fa, sassautawa yake yi, ka samu ɗan sarari.

Kuma kar wani ya ce ai haƙuri ke nan da muka sani. Yawancin abin da ake ce wa mata su yi a gidan aure dannewa ne, ki haɗiye, ki yi murmushi, ki ce ba komai. Wannan daban. Nan yarda za ki yi raina a ɓace yake, ki bar shi ya yi zamansa, baƙo raɓa ne, ba ki kore shi ba amma kuma ba ki miƙa mai makullin gida ba. A hadisin Abu Zarri da Abu Dawud ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in fushin bai tafi ba ya kwanta. Kun ga an ɗauke shi abu mai tafiya.

Sai dai akwai iyaka. In baƙin ciki ya kai sati biyu kusan kullum, ba barci, abinci ba daɗi, abin da ka saba jin daɗinsa ya fita ranka, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, wannan ya wuce a zauna ana kallo. A ga likita, a fara da babban asibiti mafi kusa, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware ta jihar Sakkwato da Maiduguri, kuma ba sai mutum ya haukace ake zuwa ba.