Yadda nake shirya wa sanyi kafin in shiga kogin Tay

Assalamu alaikum 'yan uwana na Jos, da duk wanda yake kallona daga gida. Yau Asabar, ina tsaye a bakin kogin Tay da ke Sikotland, ba nisa da garin Perth, kuma yanzu rana take leƙowa, domin a watan Janairu ba ta fitowa a nan sai wajen takwas da rabi, kafin biyar na yamma kuwa duhu ya rufa. Farin da kuke gani a kan ciyawar nan raɓa ce ta daskare. Ranar 15 ga Janairu ake buɗe kamun kifin salmon a wannan kogi kowace shekara, kuma duk wanda aka kama kafin 1 ga Afrilu doka ta ce a mayar da shi ruwa da ransa.

Da yawa daga cikinku sun tambaye ni yadda mutum zai tsaya cikin ruwa a irin wannan ɗari bai sandare ba. Fatsar da muke yi a nan ba a sa mata tana. Ƙugiya ake ɗaure wa gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da abin da kifi zai kai wa cafka, sannan a riƙa wurga ta da doguwar sanda, mutum yana cikin ruwa zuwa cinya ko ƙugu, wani lokaci awa uku ko huɗu.

Mu mutanen Jos muna ganin mun san sanyi, kuma da gaskiyarmu, tun da garinmu yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma duk wanda ya taɓa fita sallar asuba a Gangare ko Unguwar Rogo cikin muku-mukun Disamba ba sai an ba shi labari ba. Sai dai sanyinmu busasshe ne, maganinsa a jibga kaya a zauna kusa da gawayi. Da wannan ilimi na zo nan a karon farko: singiletin auduga, wandon jins, suwaita biyu da katuwar jaket. Na yi tafiyar minti ashirin daga mota zuwa bakin ruwa, na yi sharkaf da gumi, ina shiga kogin na tsaya cak, sai singiletin nan ya zama kamar tsumman da aka tsoma a randa aka manna mini a baya. Ban cika awa ɗaya ba haƙorana suka fara haɗuwa, yatsuna suka ƙi ɗaure zare, dole na fito.

Abin da na gane ranar shi ne jiƙa ce take kayar da mutum a nan. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska kusan sau 25, auduga kuwa idan ta sha gumi riƙe shi take yi. Saboda haka ku dubi abin da ke jikin fatata yanzu, bari in ɗaga hannun rigar ku gani: siririyar riga ce ta ulun tumakin merino, mai kama jiki, da wandonta. Ulu ko ya ɗan jiƙe yana riƙe ɗumi. Wanda bai samu ba, na foliyesta ma yana aiki, illa dai yana saurin wari. A kansa na ɗora riga da wandon filis masu laushi, wato yadin nan mai kama da bargo, sannan wannan dogon wando na shiga ruwa mai kaiwa ƙirji, wanda ake kira weda, sai gajeriyar jaket mai tare ruwa da iska. Jaket ɗin kuma a jaka nake riƙe ta har sai na iso, don kada in sake yin gumi a hanya.

Ƙafa ce wurin da na fi daɗewa ina kuskure. A zatona yawan safa shi ne ɗumi, sai in saka uku in cusa ƙafa cikin takalmi da ƙyar. Ashe matsi yana hana jini gudu, ƙafar da jini bai isa gare ta ba kuwa ko bargo aka naɗa mata ba za ta yi ɗumi ba. Yanzu biyu nake sawa, siririya a ciki, mai kauri ta ulu a waje, takalmin kuma na ƙara masa lamba ɗaya. Kafin in ɗaure igiya sai na tabbatar ina iya motsa yatsuna duka a ciki.

Wannan bel da ke ƙuguna, ina roƙon duk mai sha'awar wannan harka kada ya raina shi. Idan santsin dutse ya kwashe mutum, shi ne yake rage shigar ruwa cikin wedar; ina haɗa shi da rigar hana nutsewa da wannan sandar dogarawa. Ba na shiga kogi babu su ukun.

Safar hannuna an yanke mata kan yatsu don in iya ɗaurin ƙugiya, kuma akwai wata busasshiya a aljihun ƙirji. Hular ulu ta rufe kunne, tabarau kuwa saboda ƙugiya ne idan iska ta juyo da ita. Alwala a gida nake yin ta da ruwan ɗumi kafin in sa kayan nan, domin azahar da la'asar kusa suke da juna a wannan wata, kuma tuɓe weda a bakin kogi aiki ne. A fulas akwai shayi mai citta da kanumfari, irin wanda mahaifiyata take dafa mana da hunturu.

Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne, idan ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Da zarar na ji makyarkyata ta ƙi tsayawa, ko maganata ta fara sarƙewa, fita nake yi in canza kaya a mota, ko da kifi yana tsalle a gabana.

Ƙanina da zai zo karatu bana, na san kana kallo. Kafin ka taso ka leƙa 'yan gwanjo a kasuwar Katako, ka riƙa juya wuyan riga kana duba ɗan ƙyallen da aka rubuta abin da aka saƙa ta da shi. Ka ɗauki ta ulu da ta filis, za ka same su da sauƙin kuɗi fiye da nan nesa ba kusa ba, wedar da takalmin kuma ka bari sai ka iso mu gwada a ƙafarka. Yanzu bari in kafa kyamarar a kan wannan dutse in shiga, ku lura da yadda nake fara dafa ƙasan ruwan da sanda kafin in ɗaga ƙafa. Bismillah.