Rabaran zai tafi, ikkilisiya na nan: tsarin shekara goma ga cocin Metodis a Sakkwato

Ku dubi wannan ginin da kyau. Bulo ya kai linta ya tsaya cak. Rodi ya miƙe sama ya yi tsatsa, yashin da tifa ta juye a ƙofa har ciyawa ta tsiro a kai, ga akuya ta samu inuwa daidai inda aka ce bagade zai zauna. Kowa a Sakkwato ya taɓa wuce irin wannan kango, na coci ne, na masallaci ne ko na makaranta. In ka tambayi dattawan wurin abin da ya faru, galibi amsar ɗaya ce: wanda ya fara an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma da nasa tunanin ya zo.

Barkanmu da wannan lokaci, 'yan'uwa. Maganarmu ta yau a kan yadda ikkilisiyar Metodis a garin nan za ta tsara tafiyarta ta shekara biyar zuwa goma, ta yadda in Rabaran ya ɗaura kaya ba zai tafi da tsarin a aljihunsa ba.

Abin dariyar shi ne, sunan Metodis kansa daga tsari ya samo asali. A wajen 1729, a jami'ar Oxford ta Ingila, John Wesley da ƙanensa Charles da wasu abokansu suka sa wa komai lokaci: lokacin addu'a, lokacin karatu, ranar azumi, ranar ziyarar 'yan kurkuku. Sai ɗalibai suka riƙa yi musu ba'a da wannan suna, wato masu bin ƙa'ida sau da ƙafa. Ba'a ta zama suna, sunan kuma ya iso Badagry ranar 24 ga Satumba 1842 tare da Thomas Birch Freeman, har cocin ya samu cin gashin kansa a Najeriya a 1962. Har gobe, in ana maganar tsarin wata uku, da wuya a ga bayan Metodis. Akwai jadawalin wa'azi da ke nuna wane mai wa'azi ne zai tsaya a wane mumbari kowace Lahadi, akwai taron gunduma, wato rukunin majami'un yanki ɗaya, duk bayan wata uku, akwai taron dayosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, na shekara. Inda ake tuntuɓe shi ne abin da ya wuce wa'adin limami ɗaya.

Dalilin yana cikin tsarin cocin kansa. Limamin Metodis matafiyi ne. A 1784 Wesley ya sa hannu a takardar da ta hana mai wa'azi wuce shekara uku a jere a wuri ɗaya. Yau wa'adin ya sassauta, amma har yanzu ikkilisiya ba ta ɗaukar limaminta da kanta, Babban Taron cocin na ƙasa ne ke turo shi, shi ne kuma ke ɗauke shi.

To a Sakkwato tafiyar biyu ce. Limami na tafiya, mambobin ma na tafiya. Ku leƙa sujada ranar Lahadi ku duba bencina. Ga ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, shekara huɗu ko biyar su kama gabansu. Ga masu yi wa ƙasa hidima da suka fito daga sansanin Wamakko, shekara ɗaya tak, kuma sau da yawa su ne ke riƙe da kiɗa da makarantar Lahadi. Ga soja daga barikin Giginya, ga ɗan sanda, ga jami'in kwastan da ke aiki wajen Illela, takarda ɗaya ta ishe ta raba ku da su cikin mako. Sannan can gefe ga ɗan kasuwa da ya shekara talatin yana sayar da kayan mota, ga nas da ta yi ritaya ta ƙi komawa gida, ga 'ya'yansu da aka yanke wa cibiya a Mabera ko Tudun Wada. Waɗannan na gefe su ne tsarin zai hau kansu.

Shi ya sa aikin farko ba zanen gini ba ne, ƙidaya ce. A ɗauko rajistar nan mai baƙin bango da ke cikin kabad ɗin ofis, in gara ba ta riga ku ba. A bi sunaye ɗaya bayan ɗaya na shekara goma da suka wuce. Kusa da kowane suna a rubuta: yana nan, ya tafi, ko ya rasu. Wanda ya tafi, shekara nawa ya yi? A ce an lissafa mutum 300 a takarda, aka tace aka samu 80 ne suka haura shekara goma a garin, misali nake bayarwa, kowace ikkilisiya za ta ga nata. To majami'ar mutum dubu da ake mafarki, mutum tamanin ɗin nan ne za su biya kuɗin rufinta. Gara a san haka tun kafin a haƙa tushe. Wannan ƙidayar ba ta da daɗi, don tana rage adadin da ake alfahari da shi a rahoton gunduma, amma ni dai ban ga hanyar kauce mata ba.

Yanzu bari in kai ku Bristol, watan Fabrairun 1742, domin a can ne Metodis suka yi tsarin da ya fi kowane daɗewa, kuma bashi ne ya kai su. Sun gina ɗakin taro a 1739, bashin ginin ya tsaya musu a wuya. Ana cikin shawara sai wani kyaftin mai suna Foy ya ce kowane mamba ya riƙa ba da kwabo guda a mako. Aka ce ai da yawa ba su da ko kwabon. Ya ce to a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya cikin mafi talauci, zai riƙa zagaya su duk mako, wanda ya samu ya bayar, wanda bai samu ba shi zai cika masa. Wasu suka ce su ma sun ɗauka. Aka raba jama'a sha biyu sha biyu, kowane rukuni da shugabansa. Da yayyafi kogi kan cika, wannan kowa ya sani. Abin da ba a zata ba shi ne labarin da masu karɓar kwabo suka riƙa dawowa da shi: wane yana kwance ba lafiya, gidan wane ana faɗa, wane ya koma shan giya. Nan Wesley ya gane ya samu hanyar kiwon tumakinsa. Daga nan aka haifi aji, wato ƙaramin rukunin mambobi da shugabansa, wanda har yau ake amfani da shi a cocin Metodis.

Ku lura da abin da ke cikin wannan labari ga garin da mutane ke shiga suna fita. Aji ba ya jiran limami. In Rabaran ya tafi a watan da aka yi canji, shugaban aji yana nan, ya san ƙofar gidan kowa. Don haka tsarin shekara goma ya kamata ya faɗi, da lamba, shugabannin aji nawa za a horar, masu wa'azi na sa-kai nawa za su kammala karatunsu, kuma daga cikin mazauna za a zaɓo su. Ɗan hidimar ƙasa da ya iya piyano, kada a bar shi ya gama shekararsa bai zaunar da yara biyu 'yan garin kusa da shi ba. In ba haka ba, ranar da ya karɓi takardar sallama piyano zai koma ƙarƙashin zane, a zauna jiran wani rukunin daga Wamakko.

Sai kuɗi. Duk wanda ya rubuta kasafin gini da naira a farkon 2023 ya san abin da ya same shi. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Kuɗin da aka tara a bikin godiya aka ajiye a banki don rufi, da aka je ɗaukowa ko rabin kwanon bai saya ba. Shawarata a nan mai sauƙi ce: a rubuta tsarin da buhun siminti, da bandir na kwano, da tan na rodi. A ce wa jama'a bana buhu kaza muke nema, kowane aji ya ɗauki rabonsa. A kuma yanka aikin gunduwa-gunduwa, yadda kowane kashi in an gama shi za a iya shiga a yi amfani da shi ko da na gaba ya yi jinkirin shekara uku. Ƙaramin zaure mai rufi da ƙofa ya fi katafaren kango. Baikon Lahadi da zakka su riƙe albashi da wuta da kason da ake turawa gunduma, kuɗin gini kuma ya zauna a nasa asusun da sa hannun mutum uku.

Kafin bulo ɗaya ya hau wani, takarda. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, kuma takardar tana faɗin abin da aka ba da filin domin shi. Filin da aka rubuta gidan zama, in aka ɗora masa majami'a, an gina wa jikoki rigima. Neman irin wannan takarda ga wurin ibada yana cin lokaci da haƙuri, shi ya sa wurinsa shekarar farko ta tsarin. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kuma tabbata sunan amintattun cocin ne a kai. Dattijon kirki da ya saya da sunansa don a sauƙaƙa, Allah ya saka masa, amma magadansa ba su yi wa kowa alkawari ba.

Akwai abin da mai zanen gini daga Legas ba zai tuna ba sai an tuna masa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40. Ƙarƙashin gajeren rufin kwano, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, mawaƙa na shan gumi cikin riguna masu nauyi, tsofaffi na fifita da takardar shirin sujada, janareta na shan mai a waje. Rufi mai tsawo, tagogi masu kallon juna, sola da za a riƙa ƙara mata faranti shekara bayan shekara, duk maganar tsari ce. Mafi arha a cikinsu dogon yaro ne. A dasa layi biyu a farkon damina, wajen Yuni ko Yuli, a kewaye su saboda awaki, a ba kowane aji itacensa ya shayar har rani ya wuce. Wanda ya dasa wataƙila yana Makurdi lokacin da inuwar za ta rufe harabar, kuma ba komai.

Maƙwabta fa? Birnin Shehu ne, ikkilisiya tsiraru ce a cikinsa, kuma waɗanda suka ga watan Mayun 2022, lokacin da aka sa dokar hana fita ta awa 24 bayan kisan wata ɗaliba Kirista da tarzomar da ta biyo baya, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Katanga da ƙofar fita ta biyu da kwafin muhimman takardu a wani wuri daban, a sa su a tsari. Amma a sa gaisuwar mai unguwa ma, da barka da Sallah, da zuwa ta'aziyya, da famfon burtsatse guda da ke kallon titi don unguwa ta ɗiba. A rubuta wanda alhakin wannan zumunci ke wuyansa, ya kasance mazauni mai jin Hausa, don kada ya yanke duk lokacin da aka yi canjin limami.

Hausar ma magana ce. Iyaye sun zo da Idoma, da Ibo, da Yarabanci, ana sujada da Turanci don a haɗu a tsakiya. Amma ku saurari yaran a bayan coci bayan an tashi, da Hausa suke faɗa a kan ƙwallo, Sakkwatanci ma kuwa. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932. Ko za a buɗe sujadar Hausa, ko a fara da ajin makarantar Lahadi ɗaya, wannan shawarar ikkilisiya ce, amma a yanke ta da gangan.

Na san a taron shugabanni wani dattijo zai ɗaga hannu ya ce, "Baba Rabaran, wa ya san gobe in ba Allah ba? Mu da ba mu da tabbacin kai wa Kirsimeti, ina mu ina shekara goma?" Yana da gaskiyarsa, wasiƙar Yakubu ma ta ja kunnen masu cewa gobe za mu je gari kaza mu ci riba, ta ce a riƙa cewa in Ubangiji ya yarda. Sai dai a Luka sura 14 Yesu da kansa ya yi maganar mai gina hasumiya da bai zauna ya yi lissafi ba, ya kafa tushe ya kasa gamawa, masu wucewa suna yi masa dariya. A rubuta "in Ubangiji ya yarda" a saman shafin farko, lissafin ya biyo a ƙasa.

Takardar kanta kada ta wuce shafi huɗu ko biyar. Kwamitin da zai rubuta ta ya haɗa da Zumuntar Mata, don su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba, da matasa, da wakilan ikkilisiya, Rabaran kuma ya jagoranta ba tare da ya zama mai ita ba. Taron shugabanni ya amince, a kai gunduma ta shiga littafin taro, bishop ya gani. Kowace shekara a Lahadin Alkawari, farkon Janairu, bayan an sabunta alkawari da Allah, wakili ya miƙe ya karanta shafi ɗaya: ga abin da muka ce za mu yi bara, ga inda muka kai, ga abin da muka sauya da dalilinsa.

Ranar da motar sabon Rabaran ta tsaya a ƙofar gidan mishan, bayan an ba shi ruwa ya huta, Mama shugabar Zumunta ta aiko da tuwo, sai babban wakili ya zo da fayil. A ciki akwai kwafin takardar fili, sunayen shugabannin aji da unguwar kowa, yawan buhunan simintin da ke sito, sunan mai unguwa da ranar da aka saba kai masa gaisuwa. A shafin ƙarshe an bar layuka babu rubutu, inda zai ƙara nasa bayan ya ga damina ɗaya da bazara ɗaya a Sakkwato.