Ina ƙofar kotun ɗaukaka ƙara a Landan

Salamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar motoci, kan titin Strand nake a Landan, kuma yayyafi ake tun safe. Ginin nan na bayana mai kama da coci, nan kotun ɗaukaka ƙara take. Ɗazu wata dattijuwa ta wuce ni da leda cike da takardu ta rungume a ƙirji kar ruwa ya jiƙa su, wallahi har yanzu jikina a sanyaye yake.

Abin da ya kawo ni, musu muka yi da wani ɗan uwa bayan Juma'a, wai in mutum ya kama matarsa da wani zuciya ta ɗebe shi ya yi kisa, a nan Ingila za a sassauta masa. Malam ba haka ba ne fa. In aka same ka da kisan kai a nan, ɗaurin rai da rai ne ba makawa, alƙali dai zai yanke mafi ƙarancin shekarun da za ka yi a ciki, yawanci daga 15 ake fara lissafi, in ka taho da wuƙa wajen kuwa daga 25.

Eh akwai kariyar cewa mutum ya fita hayyacinsa, dokar 2009 ce ta kawo ta, ta fara aiki Oktoba 2010, in ta karɓu laifin ya sauko daga kisan kai zuwa wanda bai kai shi nauyi ba. Amma sai an ga tsoron mummunan duka ne ko wani cin mutunci mai tsananin gaske ya kai ka, kuma wani sa'anka mai haƙuri daidai gwargwado shi ma zai iya yin hakan, in ko ramuwa ka shirya to babu ruwanka da ita. Cin amanar aure shi kaɗai dokar cewa ta yi a ajiye shi gefe, sai a 2012 kotun nan ta ce ana iya dubawa in ya cakuɗe da wasu dalilan.

A cikin ginin nan aka soke hukuncin Sally Challen a 2019, matar da ta kashe mijinta da guduma a 2010. Ita hujjar taɓuwar ƙwaƙwalwa da shekarun da ya yi yana juya ta kamar waina aka kawo, kuma sai da ta kusa shekara 9 a tsare.

Abin da ya fi damuna kwana 28 ɗin nan. Iya lokacin da ake ba ka ke nan bayan an yanke maka hukunci ka nemi izinin ɗaukaka ƙara, iyali na cikin kuka kwanaki na tafiya, in ya wuce sai lauya ya kawo ƙwaƙƙwaran dalilin makara. Kuma ba sabuwar shari'a za a yi ba, dubawa za su yi ko hukuncin na da tangarɗa. In nan ma ta ƙi, saura hukumar da ke Birmingham mai sake duba tsofaffin shari'o'i.

Ruwan ya ƙaru, bari in rufe kyamara in nemi bas.