Dodanni da Masu Sharhi: Yadda Adabin Al'ajabi Ya Shiga Jami'o'in Birtaniya

Masu kallo, a watan Nuwamba na 1936 wani malamin Jami'ar Oxford mai suna J.R.R. Tolkien ya gabatar da lacca a birnin Landan game da Beowulf, tsohuwar waƙar Ingilishi mai layi fiye da 3,000, wadda jaruminta ya kara da dodo, ya kara da uwar dodon, sa'an nan da tsufansa ya kara da wani ƙaton maciji mai aman wuta. Kafin wannan lokaci yawancin masana sun ɗauki waƙar a matsayin rumbun tarihi da tsofaffin kalmomi, suna kuma ganin marubucinta ya ɓata basirarsa da ya sa dodanni a tsakiyar labari.

Tolkien ya amsa musu da misali. Ya ce wani mutum ne ya tattara duwatsun tsohon gini ya yi hasumiya da su, sai abokansa suka zo suka rushe ta domin su duba rubutun da ke jikin duwatsun, ba wanda ya damu ya hau sama, alhali daga can ne mai ginin yake hango teku. A ganinsa dodannin su ne ƙashin bayan waƙar, domin ta hanyarsu ne mawaƙin ya nuna mutum yana yaƙi da abin da ya san zai ci shi a ƙarshe, wato mutuwa.

Abin da ya zarga wa masana shi ne ya faɗa wa nasa aikin. Bayan littafinsa na labarin al'ajabi, The Lord of the Rings, ya fito a 1954 da 1955, mawaƙi W.H. Auden ya yaba masa, amma mai sharhin Amurka Edmund Wilson ya rubuta a 1956 cewa shirmen yara ne kawai. Wannan hukunci ya daɗe yana tasiri, har ma a 1997, lokacin da masu karatu a Birtaniya suka zaɓe shi littafin ƙarni a wata ƙuri'a da kantin Waterstones da tashar Channel 4 suka shirya, wasu manyan masu sharhi sun nuna takaicinsu a fili.

Littafin da ya sauya akalar muhawarar, a nawa ganin, shi ne The Road to Middle-earth na Tom Shippey, wanda ya fito a 1982. Shippey ya riƙe kujerar farfesa da Tolkien ya taɓa riƙewa a Jami'ar Leeds, saboda haka ya san sana'ar daga ciki, wato ilimin bin diddigin kalmomi. Ya nuna cewa labaran sun tsiro ne daga harshe: sunan mai sihiri Gandalf da na wadanni, wato gajerun mutanen da ke cikin littafin Tolkien mai suna The Hobbit, an ɗauko su daga wata tsohuwar waƙar Iceland, kalmar da Tolkien ya raɗa wa bishiyoyi masu tafiya kuwa tsohuwar kalmar Ingilishi ce mai nufin ƙato. Wanda bai san wannan tushe ba, da wuya ya gane abin da yake suka.

Suka dai ba ta ƙare ba, kuma wani lokacin daga cikin gida take fitowa. A 1978 Michael Moorcock, wanda shi ma marubucin labaran al'ajabi ne, ya ce irin wannan rubutu lallashi ne ga masu begen ƙauyen Ingila na dā, kuma zarginsa yana da ƙanshin gaskiya. Daga baya Farah Mendlesohn, a littafinta na 2008, ta bar jayayya kan daraja ta koma kan gini, inda ta rarraba labaran gida huɗu bisa yadda al'ajabi yake shiga labari: ko jarumi ya bi ta ƙofa ya tarar da shi, kamar yaran da suka shiga ƙasar Narnia a labaran C.S. Lewis, ko shi al'ajabin ya kutso cikin duniyarmu, ko a haifi mutum cikinsa, ko ya tsaya a bakin iyaka ana shakkarsa. A 2020 Jami'ar Glasgow ta buɗe cibiya ta musamman domin nazarin wannan fanni.